Tsarabar bango: Kafin ɗan Machina ya sayi zanen zamani a Abuja

Da zarar Disamba ta raba tsakiya, Abuja kan fara sauke kayanta. Zirga-zirga ta ragu a Sakatariyar Tarayya, tashoshin mota na Jabi da Utako da Zuba su cika, ma'aikata da hadiman manyan jami'ai su shiga lissafin guzuri da tsaraba. Ga 'yan asalin arewacin Yobe, waɗanda za su bi ta Kaduna da Kano su ratsa Jigawa kafin su sauka Nguru, daga nan wasu su karkata zuwa Machina wasu su miƙe Gashuwa, tafiya ce ta yini guda cur, kuma ba a yin ta hannu rabbana. Lokaci ne na ɗaurin aure da tarewa a sababbin gidaje, lokacin da ƙani ke buɗe falonsa na farko, ƙanwa kuma ake yi mata jere.

Cikin abubuwan da ke jan idon mai neman tsaraba akwai zane-zanen bango da ake jerawa a bakin titunan Wuse da Garki da shagunan kayan ɗaki, ga kuma waɗanda ake tallatawa a Instagram da WhatsApp da sunan rangwamen ƙarshen shekara. Yawancinsu babu mutum babu dabba a ciki, sai launuka da layuka da siffofi masu kusurwa. Mai sayarwa zai ce aikin hannu ne, ko ya ce na wani fitaccen mai zane ne, ya kuma faɗi farashin da bai kai kuɗin turmin shadda ba. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000 tun daga watan Yulin 2024, kowace naira da ma'aikaci zai ware wa ado sai ya yi mata hisabi. Tambayar da ta dace ya yi kafin ya zaro kuɗi ita ce: me ya sa wannan zane yake da araha? Amsar iri biyu ce, ɗaya ta halal ce mai amfanar mai saye da mai zane, ɗaya kuma asara ce ga dukansu.

Idon da ya riga ya saba

Zane marar sura shi ne wanda ba ya ƙoƙarin kwaikwayon kamannin wani abu da ido ya sani. Ba ya nuna doki ko kasuwa ko fuskar sarki. Abin da yake aiki da shi shi ne launi da layi da tazara da daidaito. Littattafan tarihin fasaha na Turai kan danganta farkonsa da shekarun farko na ƙarni na 20, su ambaci Hilma af Klint 'yar ƙasar Suwidin wadda ta fara irin wannan aiki a 1906, da Wassily Kandinsky ɗan Rasha da ya biyo baya 'yan shekaru kaɗan. Wannan tarihi ya sa ma'aikata da yawa ke ɗaukar zanen a matsayin abin Turawa da sai an yi karatu na musamman kafin a fahimce shi, don haka suke sallama wa mai shago ya zaɓa musu.

Mutumin da ya tashi a Machina ko Nguru ko Gashuwa ba shi da dalilin wannan sallamawa. Yankin yana cikin daular ilimi ta tsohuwar Borno, wadda ta yi suna wajen rubuta Alƙur'ani da hannu, kuma har yau tsangayu na nan da alarammominsu. Duk wanda ya taɓa buɗe irin wannan mus'hafi ya ga baƙar tawada ga baƙaƙe, ja ga wasula, rawaya ga hamza, ya kuma ga da'irori da murabba'ai masu ado da ke nuna hizifi da rubu'i da sumuni a gefen shafi. Ya ga allon zayyana da ake yi wa ɗalibi ranar sauka, inda aka raba fili gida-gida, kowane launi da mazauninsa. Ya ga aikin allura a hular zanna, da aska takwas a ƙirjin babbar riga, da kayan dawakin da ake fitowa da su a bikin al'adu na shekara-shekara na masarautar Machina. Ya zauna a kan tabarmar kaba mai ratsin rini, irin wadda ake saƙawa a ƙauyukan fadamar Haɗeja da Nguru, ya ci tuwo da aka rufe da faifai mai zobba, ya sha fura a ƙwaryar da aka yi wa sassaƙa.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke nuna fuskar wani, amma tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta ɗaga faifai biyu ta ce wannan ya fi wancan kyau, kuma za ta iya faɗin dalili: launin wannan ya zauna, na wancan ya yi hayaniya, saƙar wannan ta yi daidai, ta wancan ta karkace. Wannan shi ne ainihin ma'aunin da ake auna zane marar sura da shi a ko'ina. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima, kuma idon ɗan arewacin Yobe ya sami horo tun yana goye.

Akwai kuma wata fa'ida da ta shafi gidajenmu. Malamai da dama na ƙyamar rataye surar abu mai rai a ɗaki, kuma dattawa da yawa ba za su so a kawo musu irinta ba ko da kyauta ce. Zane marar sura ya kuɓuta daga wannan matsala. Ana iya rataye shi a falon Alhaji, a ɗakin amarya, ko a ofishin da jama'a mabambanta addini ke shiga, ba tare da an sosa ran kowa ba.

Darasin Zariya da Khartum

Manyan masu zane na Afirka sun daɗe da gane cewa taskar tana gida. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin kimiyya da fasaha ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya. Manufarsu ita ce su ɗauki dabarun da malamansu Turawa ke koya musu su haɗa da fasahar da suka gada, maimakon su zama 'yan kwaikwayo. Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya gina tafarkin da aka san Jami'ar Nsukka da shi. A Zariya kanta, Gani Odutokun, wanda ya rasu a hatsarin mota a 1995, da Farfesa Jerry Buhari sun horar da ɗalibai masu yawa, kuma ayyukansu sun nuna yadda launi zalla zai iya ɗaukar magana mai nauyi.

Labarin da ya fi kusa da mu shi ne na Ibrahim El-Salahi, ɗan Sudan da aka haifa a Omdurman a 1930, wanda mahaifinsa malamin addini ne. Ya yi karatun zane a Landan a shekarun 1950, ya dawo gida ya baje ayyukansa irin na Turai, sai ya lura mutanen ƙasarsa ba su damu da su ba. Maimakon ya zarge su da rashin wayewa, sai ya shiga nazarin abin da suke ratayewa a ɗakunansu da abin da suke ƙawata kayansu da shi. Ya koma ga rubutun Larabci da adon allo, ya warware baƙaƙe ya mayar da su siffofi. A 2013 gidan adana zane na Tate Modern da ke Landan ya shirya baje kolin ayyukansa na tsawon rayuwa. Allon da ya zama masa mafita shi ne dai allon da ke jingine a zaurukan Nguru.

Darasin ga mai saye a bayyane yake. Idan zane ya tsaya maka a rai saboda ya tuna maka da jan yashi da duwatsun Machina, ko shuɗin ruwan fadama a ƙarshen damina, ko tsarin hular mahaifinka, wannan dalili ne cikakke na saye. Idan kuwa abin da ya ja ka shi ne an ce irinsa ake yayi a Maitama, to ka ƙara dubawa.

Araha iri biyu

Zanen asali guda ɗaya ne tak, shi ya sa yake tsada. A watan Fabrairun 2018 an yi gwanjon zanen Tutu na Ben Enwonwu a Landan a kan fam miliyan 1.2. Wannan kasuwa ce ta attajirai da bankuna. Abin da ya buɗe wa mai albashi ƙofa shi ne bugu, wato mai zane ya shirya aikinsa ta yadda za a iya fitar da shi sau da yawa.

Dabarar tsohuwa ce. Tun wajen shekarar 1500 Albrecht Dürer na Jamus yake sassaƙa zane a katako da farantin tagulla, ana bugawa ana sayarwa a kasuwanni ga mutanen da ba za su iya sayen zanen fenti ba. Hanyoyin da ake bi a yau sun haɗa da bugun katako ko roba, inda ake sassaƙe fili a bar zanen ya yi tudu a shafa masa tawada. Da bugun faranti, inda ake ƙarta ƙarfe tawada ta shiga cikin ƙartar, a matse takarda a kai da injin. Da bugun rariya, irin wanda masu buga riguna da tutocin siyasa ke yi, inda kowane launi ke da rariyarsa. Da bugun dutse, wanda Alois Senefelder ya ƙirƙiro a 1796. Wannan na ƙarshe ba ya yiwuwa sai da ƙaro, domin shi ake shafawa ya hana tawada kama inda ba a so. Ƙaron nan kuwa shi ne wanda ake tsinta daga itacen dakwara a dazukan Yobe da Borno da Jigawa, shi ne kuma alaramma ke zubawa a tawadarsa don ta kama takarda.

A Nijeriya babu wanda ya ɗaukaka wannan sana'a kamar Bruce Onobrakpeya, wanda aka haifa a 1932. Ya shafe shekaru yana gwaje-gwajen hanyoyin bugu, kuma tun 1998 yake shirya taron horar da masu zane a Agbarha-Otor ta Jihar Delta, taron da ya raɗa wa sunan hunturu. A irin wannan bugu babu wani zane na asali da aka ɗauki hotonsa. Kowace takarda da ta fito daga faranti ita kanta aikin asali ce.

Akwai kuma bugun zamani na kwamfuta, inda ake ɗaukar hoton zanen fenti a fitar da shi da injin feshin tawada. Wannan kwafi ne, amma idan mai zanen ne ya ba da izini, ya duba launin ya amince, ya ƙayyade adadi ya sa hannu, halastaccen kaya ne kuma yakan fi kowanne sauƙin kuɗi.

Lissafin arahar mai sauƙi ne. A ce mai zane yana buƙatar naira miliyan ɗaya kafin aikin wata biyu ya biya shi. Idan zane ɗaya ne, sai ya jira mutum ɗaya mai miliyan. Idan ya fitar da bugu 50, kowanne zai tashi a naira 20,000 kafin a ƙara kuɗin takarda da tawada. Mutum 50 sun raba nauyin da mutum ɗaya zai ɗauka, mai zane ya sami haƙƙinsa, kowa ya tafi da abu mai daraja. Wannan ita ce araha ta farko.

Ta biyu ita ce wadda ta cika bakin titi. Wani ya shiga intanet ya sauke hoton aikin wani, ya kai shagon da ake buga allunan talla, aka fitar masa a kan leda ko kyalle mai arha, ya ɗaure a katako. Wani lokaci a ɗan shafa fenti a sama don ya yi kama da aikin hannu. Ba a biya mai zanen ko sisi ba, ba a ma san sunansa ba. Arahar ta samu ne saboda an cire haƙƙin mai aiki an kuma cire ingancin kaya. A nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take cika.

Yadda ake bambancewa

Abu na farko shi ne suna. Ka tambayi wanda ya yi zanen. Idan mai sayarwa bai sani ba, ko ya faɗi sunan da ba za ka iya samun mai shi ba, ka san matsayin abin da ke gabanka. Mai zane mai rai yana da lambar waya ko shafi, kuma ba ya jin haushin a tambaye shi ko wannan aikinsa ne.

Na biyu shi ne gefen ƙasa na takarda. Al'adar masu bugu ita ce su sa hannu da fensir a ƙasan zanen, yawanci a dama, su rubuta lamba a hagu. Idan ka ga 12/50, ma'anarsa wannan ne na 12 cikin 50 da aka buga, kuma mai zane ya yi alkawarin ba zai ƙara ba. Harufan A/P na nufin ɗaya ne daga 'yan ƙalilan da mai zane ya ware wa kansa. Ana amfani da fensir ne domin ba ya kwaikwayuwa da injin cikin sauƙi: ka karkata takardar ga haske za ka ga ƙyallinsa da ɗan sawun da ya bari. Sa hannun da aka buga tare da zanen, wanda launinsa da laushinsa ɗaya ne da sauran hoton, ba shaida ba ce. Gwargwadon ƙarancin adadi, gwargwadon tsada, don haka mai ƙaramin ƙarfi ya nemi bugu mai yawan adadi na mai zanen da yake so, ya fi masa alheri a kan kwafin sata na wani shahararre.

Na uku shi ne takarda. Ta ƙwarai da auduga ake yin ta, ba ta da sinadarin da ke sa takarda ta yi ja ta karye kamar tsohuwar jarida, kuma tana da kauri, galibi giram 250 zuwa 300 a kowace murabba'in mita. A bugun faranti za ka ji ɗan lotsawa a kewayen zanen inda ƙarfe ya danne takarda. A bugun rariya launi yakan kwanta sumul, har ka ji kaurinsa da yatsa.

Na huɗu shi ne tawada, musamman a bugun kwamfuta. Akwai tawadar rini, wadda ke narkewa a ruwa, tana da haske da farko amma rana na cinye ta da wuri. Akwai kuma mai ƙwayoyin launi, wadda ta fi tsada ta kuma fi jure haske nesa ba kusa ba. Ka tambaya wacce aka yi amfani da ita. Sannan ka matso kusa ka duba gefen layuka. Hoton da aka sauke daga intanet aka buɗa shi fiye da ƙarfinsa yakan nuna 'yan murabba'ai ko dishi-dishi. Bugu mai kyau ana fitar da shi ne da kimanin ɗigo 300 a kowane inci, layinsa kuma tsaf yake.

Na biyar shi ne rasit. Ka nemi a rubuta sunan mai zane da sunan aikin da shekara da lambar bugu da irin hanyar da aka bi. Mai gaskiya ba ya gudun wannan. Hadimin da aka aika ya sayo wa ofis ko gidan maigida ya fi kowa buƙatar takardar, domin ranar da wani baƙo masani ya kalli bango ya yi murmushi, shi za a tambaya.

Doka da mutunci

Buga aikin wani a sayar ba da izininsa ba laifi ne a ƙarƙashin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ce ke da alhakin aiwatar da ita. Haƙƙin mai zane yana nan muddin ransa, ya kuma ci gaba shekara 70 bayan rasuwarsa a hannun magadansa. Sayen zanen asali ma bai ba mutum ikon buga kwafinsa ya sayar ba, sai da yardar mai aikin. Ma'aikacin gwamnati da ke rataye kayan sata a ofishin da ake aiwatar da doka ya san abin bai yi tsari ba, ko da babu wanda zai tuhume shi.

Akwai wani gefen dokar da ya shafi wannan lokaci na kyaututtuka. Ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ta hana jami'in gwamnati karɓar kyauta saboda wani abu da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Ta yarda da kyauta daga 'yan uwa da abokai gwargwadon abin da al'ada ta sani. Zane na iya zama hanyar shigo da abin da ba za a iya miƙawa a ambulan ba, domin farashinsa ba ya rubuce a goshinsa. Idan ɗan kwangila ya aiko da zane ofis a Disamba, hadimi mai hankali zai nemi sanin ƙimarsa kafin ya kai shi ciki.

Inda ake nema

A Abuja akwai gidajen baje kolin zane da aka sani, irin su Thought Pyramid da ke Wuse II, da gidan Nike Davies-Okundaye da ke kan hanyar filin jirgin sama, da Retro Africa. Shiga kallo ba ya wajabta saye, kuma awa ɗaya a irin waɗannan wurare na koya wa ido bambancin aiki da kwaikwayo fiye da dogon bayani. Ka fito fili ka faɗi abin da ke aljihunka, ka tambaya ko akwai bugu ko ƙananan ayyuka a kan takarda. Hukumar adana zane-zane ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, da reshen Abuja na ƙungiyar masu zane ta Nijeriya sukan shirya baje koli, inda ake haɗuwa da masu aikin ido da ido.

Ga mai tafiya gida ta mota, Zariya na kan hanya. Sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello na yaye ɗalibai duk shekara, haka ma Jami'ar Maiduguri, kuma matashin da ya kammala karatu bai daɗe ba yakan sayar da aikinsa na asali a farashin da bai wuce na kwafin bakin titi da yawa ba. Wanda ya saya daga hannunsa ya san inda kuɗinsa ya tafi. Ciniki halal ne, amma a tuna cewa wanda ake tayawa shi ne ya sayi takarda da tawada ya kuma ɓata dare.

Game da rangwamen ƙarshen shekara, ma'auninsa shi ne farashin da kayan ke da shi a watan Oktoba. Wanda bai san wancan ba, ba zai san ko an rage masa ba. Idan ta intanet za a saya, a nemi hoton gefen takardar da ke nuna sa hannu da lamba, a kuma tabbatar da girma da santimita, domin waya kan sa ƙaramin abu ya yi kama da babba. Takardar A3 santimita 29.7 ce da 42, A2 kuma 42 da 59.4.

Daga Abuja zuwa bangon Machina

Sayen zane rabin aiki ne, saura kai shi lafiya da zaunar da shi. Gilashi da doguwar hanya ba sa shiri, balle a but ɗin motar haya da aka danne da buhuna. Ya fi a sayi bugun ba firam, a shimfiɗa masa farar takarda mai laushi, a naɗe shi sako-sako fuskarsa na waje, a zura a bututu mai faɗi. Guntun bututun roba na masu aikin famfo, wanda aka wanke ya bushe aka toshe bakinsa biyu, ya wadatar. Ƙaramin bugu kuma a sa shi tsakanin kwali biyu masu tauri. Da an isa a warware shi a bar shi ya kwanta kwana ɗaya ko biyu kafin a kai wa mai firam a Nguru ko Gashuwa.

Wurin mai firam akwai sharuɗɗa uku. Kada takarda ta taɓa gilashi, a sa kwali mai taga a tsakaninsu, domin idan damina ta zo danshi kan manne su. Kada a shafa gam a bayan bugun ko a liƙe shi da salatif, a rataye shi daga sama da 'yan guntayen takarda yadda zai iya motsi idan yanayi ya sauya. Sannan a rufe bayan firam ɗin ruf, domin ƙurar hunturu, wadda ke kan ganiyarta daidai lokacin wannan hutu, tana shiga ta kowace kafa.

Yanayin arewacin Yobe ba ya sassauta wa takarda. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, rana kuma tana da ƙarfi kusan duk shekara. A nemi bangon da hasken taga ba ya faɗa masa kai tsaye, a nisanta shi da madafa da inda ake turaren wuta kullum, domin hayaƙi na dusashe launi. A ginin ƙasa ko bangon da ke tsotsar ruwa, a sa 'yar tazara tsakanin firam da bango, a riƙa ɗagawa ana dubawa saboda gara. Idan aikin na ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, ladabin da ake yi wa allo shi za a yi masa wajen zaɓen inda za a rataye.

Tsaraba kuma ba dole ta tafi ta fuska ɗaya ba. Ma'aikacin da ya isa gida da hutu yana kusa da masu wannan fasaha fiye da yadda yake a Abuja. Zai iya zuwa tsangaya ya nemi alaramman da ya iya zayyana ya yi masa ɗaya a kan takarda mai kauri, ya biya shi farashin da ya dace da gwaninta, ya roƙe shi ya rubuta sunansa da shekara a ƙasa. Zai iya zaɓo faifai uku daga hannun masu saƙa a kasuwar Machina ya sa a jera su a firam mai zurfi. Abin da zai komo da shi Abuja a watan Janairu aiki ne guda ɗaya tak da babu irinsa a wani ofis, ya san wanda ya yi shi, ya san garinsu, kuma idan baƙo ya tsaya ya tambaya, yana da amsar da zai ba shi.